Rabilu, Makiyayin Garken Cikin Ganga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma, da mai saniya, da mai sayenta, da mu masu tsayawa a tsakani.

Ranar Talata, tara ga watan Fabrairu na shekarar 1993, daidai da sha bakwai ga Sha'aban, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Rabilu ɗan Arɗo Kawu, mai allurar shanu na Garin Auta kusa da Cadawa. Ya rasu a asibitin Maraɗi bayan ya sha jinyar ciwon hanta. Aka kawo shi gida, aka yi masa sutura bayan la'asar. Ya bar matarsa Asta da ƴaƴansu, ya bar dangi a ruga da cikin gari, ya kuma bar ni.

Ni ne Ɗan Azumi, dillalin shanu a kasuwar Cadawa. Lakol ɗaya, wato makarantar boko, muka shiga da marigayi, benci ɗaya muka zauna. Ni ban yi nisa ba na lura kasuwa ta fi mushe malaminmu buƙatata, na sallami kaina. Shi ya wuce, ya karanci sha'anin dabbobi, ya dawo mana da akwatin allura. Jama'a suka ce ni zan rubuta wannan ta'aziyya, wai don ni ne mai baki. Baki kam akwai, alhamdu lillahi. Alƙalami ne ya daɗe bai ga hannuna ba, saboda haka inda rubutu ya karkace a yi mini afuwa.

Wanda ya ɗauki takardar nan yana neman kuka zalla, ya yi haƙuri. Mun yi kukan, ni har rawanina ya jiƙe. Amma Rabilu, ba ka bar mana wurin dogon kuka ba. Ka tafi ka bar mu da magana guda a tsaye: ko wutar matan Garin Auta za ta ci gaba da ci, ko a cike raminta da ƙasa. Kuma yadda maganar ta ƙare, har a tabarmar makokinka sai da dattawa suka yi dariya suna istigfari. Bari in faro ta daga tushe, saboda waɗanda ba su san garinmu ba.

Ƴan shekaru kafin babban taron ƙasa na 1991, wani furoje, wato shirin masu taimakon raya karkara, ya zo ya gina ramukan siminti a wasu ƙauyuka, daga wajen Gazawa har wajen Gidan Rumji. Dabarar ita ce a zuba kashin shanu da ruwa a rufe, ya ruɓe a ciki, iskar da take tashi a jawo ta da tiyo zuwa risho, a ƙyasta ashana, ta kama. Gaz ke nan. Namu an gina shi a bayan rumfar matan da ke soya gyaɗa su matse mai su yi ƙuli-ƙuli, waɗanda Husaina take shugabanta. Ranar da wuta ta fara kamawa, guɗa har bakin titi. Dole su yi guɗa. Itace ya yi mana nisa, mace takan fita tun da sanyin safiya ta dawo rana tsaka da ɗaurin da ba zai kai ta ko'ina ba, ga ƙaya a ƙafa, ga goyo a baya.

Ashe gaz ɗin nan ba shi kaɗai yake tafe ba, yana da abokin tafiya. Wari. Irin na ƙwan da kaza ta kwanta a kai ta gaji ta tashi ta bar shi. In tiyo ya yi ɗan yoyo, unguwa duka ta sani. In an kunna kuma, wani yaji ya tashi ya kama ido da maƙogwaro. Ya ci kan risho, ya ci gindin kasko, ya huda kwanon rufin rumfa kamar rariya. Abin da ya fi ciwo, magana ta shiga kasuwa cewa ƙulin Garin Auta wari yake. Ni da kunnena na ji wata mata a kasuwar Agiye tana ce wa ƴar'uwarta kada ta saya, wai da kashi ake soya shi. Na tsaya na kare garinmu iyakar iyawata. Ban rantse ba, amma na je kusa.

Ana cikin haka ƙasa ta juya. Masu furoje suka naɗe kayansu, buro, wato ofishinsu, ya rufe. Rediyo ya cika da taron ƙasa, kowa a Yamai yana faɗin abin da ya daɗe a cikinsa. Mu ma muka ce ba za a bar mu a baya ba, muka yi namu taron a gindin tsamiyar maigari, gari ya rabu biyu: ƴan a cike da ƴan a bari. Jagoran ƴan a cike shi ne Sale mai shago, wanda gidansa yake daidai inda iska take kai warin. Kuma gaskiya yana da hujja, tsohuwarsa tana fama da ƙirji. Ya miƙe ya ce, “Jama'a, ni ban ƙi ci gaba ba. Amma ci gaban nan kullum ta hancina yake bi.”

Husaina ta ce in an cike ramin, to maza su shirya raka su daji. Aka yi ta hayaniya. A lokacin ne ka tashi, Rabilu, da ƴar hularka a karkace, ka nemi a ba ka zuwa kaka.

Ka ce a wani horo da aka taɓa tura ka, ka ga ana yi, kuma ka karanta. Ka ce akwai wasu halittu ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, suna zaune a baƙar lakar bakin tafki da ƙarƙashin tsohon juji, kuma warin nan da yake neman korar mu daga gari, su shi ne ciyawarsu. In suka samu danshi da ƴar iska, sai su cinye shi su bar farar wuta. Gaz ya wuce tas, warin ya tsaya a cikinsu. Ka ce, “Kiwo ne kawai. Ni kuwa ɗan Arɗo ne, ban taɓa ganin dabbar da ta gagare ni ba.”

Sale ya ce, “To Fillo, shanun naka da ba a gani, yaya za a yi da jangalinsu?”

Ka ce, “In mai karɓa ya iya ƙirga su, ya kwashi rabi.”

Dariyar da aka yi ce ta ceci ramin ran nan. Maigari ya ce an ba ka zuwa kaka.

Na ga aikin da idona, don ni na samo maka gangar ƙarfe a tasha. Ka cika ta da ɓawon gyaɗa da guntayen karan dawa da gawayi, ka cakuɗa da laka, ka jiƙa da ruwan takin da ke fita daga ramin. Ka yanke tiyo, ka sa gaz ya shiga ganga ta ƙasa, ya ratsa cikin tarkacen nan, ya fita ta sama kafin ya kai risho. Ka yi mata inuwa da zana, don ka ce shanunka ba sa son rana. Safe da yamma kana yayyafa musu ruwa. Sannan ga famfon keke, wanda da shi kake hura musu ƴar iska. A nan ne kaɗai na taɓa ganin ka ba wasa a fuska. Ka tara matan ka ce iska kaɗan ake sawa, gwargwadon gishiri a miya, don in ta yi yawa ta gauraya da gaz, ashana ɗaya ta isa ta kai rumfar Husaina Maraɗi ba tare da ta shiga mota ba. Husaina kaɗai ka koya wa yawan bugun, ka ce ita ma ta koya wa wadda ta yarda da hankalinta.

Ba a dace da farko ba. Lakar da ka fara kawowa ta yi shiru, wari yana nan daram. Sale kullum in ka wuce sai ya leƙo daga shago ya tambaye ka lafiyar garke, ko sun fara ba da nono. Ba ka fasa ba. Ka bi tafkuna da kwatamai da bayan majema, kana tsugunawa kana shinshina laka, babban ma'aikaci da kai, har Fulanin ruga suka fara tambayar Arɗo ko karatun ne ya taɓa ka. Da safe kuma in ka zo ba su ruwa, sai mu ji kana yi wa ganga magana da Fulatanci a hankali, irin yadda ake lallashin karsana mai tsoro. Na ce maka, “Fillo, anya suna jin Fulatanci?” Ka ce, “Kaɗo, duk abin da ake kiwo yana ji.”

Wadda ta fi kowa shan wahalar wannan kiwo ita ce Asta. Ba ka da na'urar awo, masu furoje sun tafi da tasu. Amma ka san warin nan yana baƙanta azurfa. Saboda haka sai ka riƙa karɓar awarwaronta na azurfa, wanda uwarta ta ba ta, ka rataya shi a bakin tiyo inda gaz yake fita daga ganga. In ya yi baƙi, shanu ba su ci ba. Kullum ya dawo mata kamar gindin tukunya. Na taɓa jin ta ta katanga tana cewa, “Malam, matan mutane mazansu ƙaro musu azurfa suke yi, ni nawa baƙanta mini ita yake.” Kai kuwa ka zauna a ƙofar ɗaki da toka da lemun tsami kana gogewa, kana ba ta haƙuri, gobe ka sake roƙa. Kuma ta sake bayarwa. Wannan ma ya kamata a rubuta.

Ranar da awarwaro ya fito fari, ina bakin masallaci. Sai ga ka a guje, riga tana tashi, hannu a sama, azurfa tana walƙiya. Ba ka tsaya ko'ina ba sai shagon Sale. Ka jawo shi har rumfa, Husaina ta kunna, wuta ta tashi shuɗiya, ba yaji, ba hayaƙi. Sale ya shaƙa. Ya zagaya bayan ganga ya sake shaƙa. Ya sunkuya kan risho har gemunsa ya kusa tafiya. Sannan ya miƙe ya ce, “Hancina ne ya mutu.” Matan suka saka masa guɗa a kunne. Kakar shekarar ba a cike rami ba, ƙulin Garin Auta kuma ya koma kasuwa da mutuncinsa.

Da aka jima ka buɗe gangar don ka sabunta ɓawon, sai ga shi duk ya yi ruwan ɗorawa. Farar wutar da ka faɗa ke nan. Ni da na gani, nan take na hango tebur a kasuwa da masu ƙazuwa sun yi layi. Ka ce a'a, ba a tace ta ba, ba za a shafa wa ɗan kowa a jiki ba, a kai gonar gyaɗa, can take da amfani. Na haƙura. Da labari ya kai sauran ƙauyukan da ke da irin raminmu, suka fara aiko da tambaya, sai na sake zuwa maka da shawara. Na ce kai ka yi kiwo, ni in yi dillanci, kowa ya tsaya a sana'ar ubansa. Ka dube ni ka ce, “Kaɗo, kai ko bakan gizo ka gani sai ka tambayi mai shi. Wannan ba na sayarwa ba ne. Haɓɓanaye ne.”

Ga wanda bai zauna da Fulani ba: haɓɓanaye shi ne mai garke ya ɗauki karsana ya kai wa wanda ba shi da komai. Ta zauna a wurinsa, ya sha nononta, ta haifa masa, ƴaƴan su zama nasa, daga baya ya mayar da uwar gidansu. Da haka wanda fari ya share wa garke yake sake tsayawa da ƙafarsa. To haka ka yi da shanunka na ganga. Ka cika ƙwarya da ɓawon da ya riga ya rayu, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ka kai da kanka, don ba ka yarda ya bushe a hanya ba. Ka zauna da mutane ka haɗa musu gangarsu, ka zuba musu naka a ciki kamar yadda matan ruga suke zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara, ka ja musu kunne kan famfo. Ka kai wa Laraba mai tuwo a wajen Gazawa. Ka kai wa Hambali mahauci, wani Bagobiri mai faɗin murya a wajen Gidan Rumji. Ka kai wani ƙauye a bayan Sae Sabuwa inda sai da amalanken jaki ake shiga. In nasu ya yi ƙarfi suka zo mayar da ƙwarya, sai ka ce ba yanzu ba, su kai wa na gaba da su, ranar da kake buƙata za su ji.

Sau ɗaya na raka ka irin wannan tafiya, a motar kasuwa. Ka rungume ƙwarya a cinya kamar jariri. A shingen hanya jandarma ya leƙo ya ce mene ne a ciki. Ka ce, “Shanu ne, ranka ya daɗe.” Ya dube ka, ya dubi ƙwarya, ya ga dai ba ka yi kama da mahaukaci ba. Shi ma ɗan duniya ne, ya ce, “To ina takardar allurarsu?” Ka ce, “Ni ne mai allurar.” Ya ɗaga tsumma, ya mayar da sauri, ya ce direba ya ja mota, Allah Ya ba da sa'ar kiwo. Har muka sauka fasinja suna tambayar ka ko akwai na layya a ciki.

Kada a ɗauka ganga ce kaɗai aikinka. Shanun gaske ma sun san ka. Ba rugar da ba ka taka ba, kuma in gona da garke suka haɗu rai ya ɓaci, kai ake nema, don kana jin harshen kowa, kuma kowa yana jin kunyarka. Ni kuwa ka ɓata mini ciniki ba adadi. In ina tsaka da yabon saniya, na kai inda nake cewa ko tari ba ta taɓa yi ba, sai in hango ka a bayan mai saye, ba ka ce uffan ba, ka dai karkata kai kana kallon hancinta. Shi ke nan, ciniki ya watse. In na yi maka ƙorafi ka ce ai ba ka yi magana ba. Yau ga kasuwar, ba mai karkata mini kai, kuma wallahi ba ta yi mini daɗi.

Ciwo ya kwantar da kai daidai lokacin da ƙasa ta ɗauki zafin zaɓe. Motoci da lasifika ko'ina, kowane bango da hoto. Aka aiko cewa wani ɗan takarar depite, wato kujerar majalisar dokoki, zai biyo ta garinmu, kuma yana son ya ga gaz ɗin da ake labari. Ranar kuwa Husaina ta raka Asta Maraɗi duba ka. Samarin parti suka ce ba za a kawo babban baƙo wurin ƙazanta ba. Suka buɗe ganga, suka ga baƙi da ɗorawa da yauƙi, suka ce subhanallahi, haka Malam ya bar ta? Suka juye, suka ƙone ɓawon, suka wanke ciki da sabulu da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, suka zuba sabon ɓawo busasshe mai tsabta, suka shafe bayanta da fenti launin partinsu. Niyyarsu alheri ce, Allah Ya sani. Ganga dai ba ta taɓa yin kyau irin na ran nan ba. Baƙo ya iso aka kunna masa, ya yi jawabinsa duka da hankici a hanci, ya shiga mota ba ko waiwaye.

Da na je duba ka, na ƙudura ba zan faɗa ba. Na shiga da fara'ar da nake sayar da tsohon sa da ita. Ka rame, idonka ya yi ɗorawa, amma ganinka bai ragu ba. Ka ce, “Kaɗo, fuskar nan taka ta ranar da saniya ta faɗi kafin a sallama ce. Me ya faru?” Na faɗa maka. Na zaci za ka yi baƙin ciki. Sai ka ce, “Da sabulu?” Na ce har da fenti. Ka kama dariya, kana riƙe ciki, Asta tana cewa ka bari zai tayar maka da ciwo. Da ka samu numfashi ka ce, “Kai, sun samu sutura mai kyau. Kada a yi wa yaran faɗa.” Na ce to yanzu yaya ke nan, ga Sale ya fara zancen shebur. Ka ce, “Ai ba duka suke gida ba, yawancinsu suna baƙunta. Kai dai je ka yi abin da ka iya. Yi surutu.”

Maganar ƙarshe ke nan da ta shiga tsakaninmu.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Sale ya sami maigari. Ba da mugunta ba, shi ma idonsa ja wur. Ya ce mai garke ya tafi, garke ya mutu, tsohuwarsa ta koma tari, kuma ba wanda zai iya bin tafkuna yana shinshina laka kamar marigayi. Maigari ya yanke cewa a bari a yi sadakar bakwai. In har ranar wari yana nan, a cike. Husaina kuwa ta aika aka fara gyara igiyoyin ɗaurin itace.

Ni kuwa na bi umarninka. Tun da nake surutu a duniya ban taɓa yin mai amfani irin wannan ba. Na shiga kasuwa na fita kasuwa, na tare direbobin Gazawa da na Gidan Rumji a tasha, na bi masu amalanke. Duk wanda na kama sai na ba shi labari biyu a haɗe: Rabilu mai allura ya rasu, kuma an wanke masa ganga. Ban roƙi kowa komai ba. Ban ce a kawo ba. Na dai faɗa, na ƙara gishiri inda ya kamata.

Muna zaune a tabarmar makoki, liman yana tsakiya, sai ga wata mata ta sauko daga amalanke da ƙwarya a ka, an rufe da tsumma. Laraba ce mai tuwo. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ajiye ƙwaryar a gaban liman. Shi kuwa ya ɗauka fura ce aka kawo wa masu zaman makoki, ya yi bismilla ya ɗaga tsumma. Allah Ya ba liman haƙuri. Ya mayar da tsumman a hankali, ya ce, “Baiwar Allah, wannan fa?” Ta ce, “Shanun Malam ne na maido.” Wani dattijo ya fara, ya toshe baki da hannun riga, na kusa da shi ya kama, kafin ka ce haka tabarma duka tana girgiza, ana dariya ana share hawaye ana cewa astagfirullah.

Daga nan hanya ta buɗe. Washegari ƙwarya biyu, sannan tulu, sannan wani da bokiti a bayan keke. Har daga garuruwan da ba mu san ka taɓa zuwa ba, ashe waɗanda ka ba su ne suka ba su. Ranar Lahadi da aka yi zaɓe, mun ɗauka ba mai zuwa, don motoci duk an kwashe. Sai ga Hambali da la'asar, yatsa da tawada, shi da mutanensa sun jefa ƙuri'a sun kamo hanya, da rabin ganga a bayan wata tsohuwar mota. Ya tsaya a ƙofar gida ya ɗaga muryar nan tasa ya ce, “Ina iyalan Malam? Ga abin da anka ba mu mun maido. Uwa ta haihu, ɗiya sun cika gari, wanga kaɗan ne daga ciki!” Sannan ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro.

Husaina ta sa samarin nan da suka yi wankin farko suka sake ɗauraye ganga har sai da ƙanshin jabel ya fita sarai, suna yi suna sunkuyar da kai. Ta juye na Gazawa da na Gidan Rumji da na Sae Sabuwa wuri ɗaya, ganga ta cika har aka nemo ta biyu. Ta yayyafa ruwa, ta mayar da zana, ta kama famfo ta buga daidai yadda ka koya mata. Da yake ba jarirai aka kawo ba, manya ne da suka saba da aiki, ba su nemi dogon lallashi ba. Amma na ji ta da safe tana yi musu ƴar Fulatancin da ta tsinta a bakinka, duk a karye.

Safiyar sadakar bakwai gari ya taru a rumfa. Sale ya zo da sheburinsa a kafaɗa, ya jingina da bango. Sai aka tuna ba abin awo. Ana shawarar ko wa ke da zoben azurfa, sai ga saƙo daga cikin gida. Asta tana takaba, ta tuɓe adonta duka, ba ta fitowa. Ta aiko da awarwaron a ƙulle cikin gefen zane, ta ce a faɗa wa Husaina: da yana da rai kullum sai ya roƙa, yau ba wanda ya roƙa, ita ta bayar.

Aka rataya shi a bakin tiyo. Aka zauna ana jira, ba mai tari. Ni da ba na iya shiru, ranar na iya. Da rana ta ɗaga, maigari ya ce a duba. Husaina ta ciro shi ta ɗaga sama.

Fari fat, Rabilu. Kamar ranar da ka ruga da shi cikin gari.

Ba a yi guɗa ba, saboda makoki, amma na ga matan suna cije leɓe suna riƙe ta. Aka ƙyasta ashana, wuta ta tashi shuɗiya. A kanta aka dafa abincin sadakarka gaba ɗaya, aka soya masa, aka ciyar da baƙin da suka kawo maka shanunka. Sale ya zagaya ganga ya shaƙa kamar yadda ya saba. Ya je ya ɗauki sheburinsa. Muka bi shi da ido. Ya wuce ramin, ya nufi turken maigari, ya ciko shi da kashin shanu, ya dawo ya zuba a bakin rami. Ya ce, “To me kuke kallo? Garke ya dawo, sai a bar shi da yunwa?”

Wutar tana ci har yau da nake rubutun nan. Igiyoyin itace sun koma rataye.

Ya Allah, ga bawanKa Rabilu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ya kawar wa bayinKa da abin da yake cutar da su, Ka kawar masa da duk abin da yake tsoro. Ya yini cikin wari don waɗansu su shaƙi iska mai daɗi, Ka shaƙa masa ƙanshin Aljanna Firdausi. Duk tukunyar da ta tafasa a kan wutar nan, daga Gazawa har Gidan Rumji, Ka kai ladan gare shi.

Ina miƙa ta'aziyya ga Asta da ƴaƴanta, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya sa albarka. Ga Arɗo Kawu da dukan dangi na ruga, ga maigari da jama'ar Garin Auta, ga Husaina da matan rumfa, ga duk wanda ya taɓa karɓar ƙwarya daga hannunsa. Mu kuma da muka saura, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Asta ta ce kada a mayar mata da awarwaron. Yana nan rataye a ƙusa a gefen ganga, ƙarƙashin zana. Duk wanda ya biyo ta Garin Auta ya tsaya ya duba shi, in ya gan shi fari, ya yi wa Rabilu fatiha.

Allah Ya jiƙanka, Fillo. Amin.

Ɗan Azumi dillali, Cadawa.